Yadda za ku kama karatun integirin, daga takarda har teburin gwaji

Assalamu alaikum ƙannena da 'ya'yana masu karatun likitanci da na lab. Makon da ya wuce ɗiyar yayana ta turo min saƙon murya daga Kasala cikin dare, wai Baffa wallahi na gaji da integirin ɗin nan, wato furotin ɗin da ke jikin fatar ƙwayar halitta da take kama abubuwa dasu, na haddace tebur guda na alfa kaza beta kaza amma da na rufe littafi sai komai ya watse, ga imtihan ya matso. Maganar ta taɓa ni sosai, dan nasan tun da yaƙi ya tarwatsa karatu a 2023 yawancinku a waya kuke karatu, wasu a Bur Sudan wasu a Kasala wasu sun tsallako nan Jidda wajen dangi, ba malamin da zai tsaya gaban allo ya zana muku abu ku gani. Nima a Wad Madani haddace shi nayi na wuce, bai zauna min a kai ba sai da nazo nan na fara aiki da sel-sel masu rai a faranti. Toh hanyar da zan bi daku ita ce wadda naso ace an bi dani tun farko, kuma tebur ɗin nan da ke damunku sai can wajen ƙarshe za mu taɓa shi.

Kafin komai ku cire kalmar gam daga ranku. Da yawa ana fara gaya muku wai integirin gam ne da ke manna ƙwayar halitta, wato sel, khaliyya inji Larabawa, da abunda ke kewaye da ita. In da gam ne ai da tuni jininmu ya daskare a jijiya, dan kowace filatilet ɗaya, wato ƙananan ƙwayoyin jinin nan masu tsayar da zubar jini, tana ɗauke da wajen 80,000 na irin integirin ɗin ta, kuma abunda yake kamawa, furotin ɗin daskarar da jini mai suna fibirinojin, yana nan yana yawo a cikin jinin dare da rana kusa da ita. Amma bata kama shi sai an ji ciwo. Kenan hannu ne, hannun da yake a dunƙule sai an bashi umarni ya buɗe, kuma in ya riƙe abu yana aika labari ciki cewa ga abunda na riƙe, ga taurin sa. Duk sauran karatun bayanin wannan ne.

Mataki na farko, ɗauko biro da takarda

Kar ku karanta komai tukuna, ku zana. Ja layi biyu a kwance, wannan ita ce fatar sel, sama waje ne ƙasa ciki ne. Sai ku zana sanduna biyu a tsaye gefe da gefe sun huda fatar, ɗaya alfa ɗaya beta, kowacce ta ratsa fatar sau ɗaya tak. A sama kawunansu sun haɗu sun zama kai guda, nan ne wajen kamu. A ƙasa kowacce tana da ɗan gajeren wutsiya da ya leƙa cikin sel. Ku lura da gajartar wutsiyar nan dan ana yawan tambaya a kai, integirin shi kansa ba enzayim bane, baya iya saka wa kowa fosfet, duk saƙon da zai aika sai dai ya tara wasu furotin a jikin wutsiyar su yi masa aikin. β4 ce kaɗai ta fita daban, wutsiyarta doguwa ce, amino asid wajen 1,000.

A jikin ɗan Adam akwai alfa 18 da beta 8, amma ba kowa ke auren kowa ba, haɗin da ake samu 24 ne kawai. Rubuta 18, 8, 24 a gefen zanen, kalas.

Sama da zanen sai ku ja wasu zare-zare a harɗe, wannan ita ce shimfiɗar da sel-sel ke zaune a kai, wadda ta ƙunshi kolajin da fibironektin da laminin. Ƙasa kuma cikin sel ku ja igiyoyin aktin, furotin ɗin da ke riƙe siffar sel. Yanzu ku kalli zanen, abu ɗaya ne ya haɗa zaren waje da igiyar ciki, kuma daga wannan haɗawar aka samo sunan. Ɗakin gwajin Richard Hynes na MIT a Amurka ne ya raɗa sunan a 1986. Kafin nan a 1984 Erkki Ruoslahti da Michael Pierschbacher sun gano cewa daga cikin ƙaton fibironektin ɗin nan amino asid uku kacal a jere ne sel ke nema, arjinin, gilisin, asfatet, abunda ake taƙaitawa RGD. Shi kuma Timothy Springer a Harvard ta ɓangaren fararen ƙwayoyin jini ya shigo, ya gano integirin mai suna LFA-1 da danginsa. Ɓangare uku, kowa ya biyo tasa hanyar, ashe gida ɗaya suka nufa, kuma a 2022 aka haɗa Hynes da Ruoslahti da Springer aka basu lambar yabo ta Lasker.

Mataki na biyu, tsayuwa uku

Nan ne zan daɗe dan in kun samu wannan kun samu rabin karatun. Duk wanda ya tashi a Jazira yasan yadda iyayenmu ke tsinkar auduga, mutum a duƙe, kai ya kusa ƙasa, ƙafafu a haɗe. Toh haka integirin yake in yana hutu, a lanƙwashe daga gwiwa, kansa ya sunkuyo kusa da fatar sel, sandunan biyu da wutsiyoyin biyu a manne da juna. A wannan halin ko abun kamu ya gifta ta gabansa riƙon da zai yi masa mai rauni ne ƙwarai. Lokacin da aka fara ganin siffar integirin αVβ3 a 2001 a ɗakin gwajin Amin Arnaout a Boston, a haka aka same shi a duƙe, kuma ba haka mutane suka yi zato ba.

Tsayuwa ta biyu ya miƙe amma kan yana rufe har yanzu. Ta uku ya miƙe, ƙafafun sun rabu, kan ya buɗe, nan ne riƙo mai ƙarfi yake. Ku zana ukun a jere a ƙasan zanen farko, ku sa kibiya mai kai biyu a tsakaninsu dan abun yana zuwa yana dawowa, ba tafiya ɗaya bace. Sel mai tafiya dole ta kama a gaba ta saki a baya, in ba haka ba tana nan a kafe.

Sai maganar ƙarfe. A cikin kan akwai wani ɗan gurbi da ake kira MIDAS inda magnesiyam ke zama. Asfatet ɗin nan na RGD, wato harafin D, shi ne ke miƙa hannu ya dafa magnesiyam ɗin, ta haka kamun ke ƙulluwa. In ba ƙarfe ba kamu. Shi yasa in kuna son ɗaga sel-sel daga faranti kuke zuba EDTA, tana kwashe magnesiyam da kalsiyam sai hannuwan su saki, kun sha yi a aikin lab wataƙila baku taɓa tambayar dalili ba. Manganis kuma akasin haka yake, in ka zuba shi yana tilasta kan ya buɗe daga waje ko sel bata bada umarni ba. Kalsiyam mai yawa shi yafi karkata ga riƙe shi a rufe. Ku riƙe waɗannan ukun, za mu yi aiki dasu a faranti.

Mataki na uku, umarni daga ciki zuwa waje

Ku koye shi da labarin filatilet, kar ku koye shi a iska. Mutum ya yanke da wuƙa, bangon jijiya ya tsage, kolajin da ke ɓoye a ƙarƙashi ya bayyana, filatilet ta fara liƙewa a wajen ta hanyar wasu masu karɓa na daban, ga turombin da ADP suna ƙwanƙwasa mata ƙofa. Kalsiyam ya tashi a cikinta, wani ƙaramin furotin mai suna Rap1 ya kunnu, shi kuma ya janyo wani furotin mai suna talin zuwa bakin fata. Talin ya kama wutsiyar beta ya shiga tsakaninta da ta alfa ya raba su, kindilin ya kama can ƙasa kaɗan a wutsiyar ya taimaka, da wutsiyoyi suka rabu sai rabuwar ta bi sandunan ta haura har waje, abu ya miƙe, kai ya buɗe. Yanzu integirin ɗin filatilet, αIIbβ3, wanda a asibiti aka fi sani da GPIIb/IIIa, ya kama fibirinojin, shi kuma fibirinojin kai biyu gare shi, ɗayan kan sai wata filatilet ta kama, wannan ta riƙe waccan ta riƙe har a toshe ɓarakar. Duk cikin daƙiƙoƙi.

Fararen ƙwayoyin jini ma salon ɗaya ne sai dai wajen ya bambanta. Ku tuna ɗan kwale-kwale a kogin Nilu lokacin cikar ruwa yana son tsayawa a gaɓa, ba zai tsaya tashi ɗaya ba, sai ya riƙa dafa ciyayin baki yana saki gudu na raguwa, sannan ya samu turke ya ɗaure. Dafawa da sakin nan aikin wasu furotin ne na daban masu suna selektin, ba integirin ba, kar ku haɗa su a imtihan. Farar ƙwayar jinin tana cikin mirginawa a bangon jijiya sai ta ji ƙamshin kemokayin, wato sinadarin kira da wajen ciwon ya baza, umarni ya fito daga ciki, LFA-1 wato αLβ2 ya miƙe ya kama ICAM-1 da ke jikin bangon, ta tsaya cak, ta baje, ta kutsa tsakanin sel-sel ɗin bango ta fita zuwa inda ƙwayar cuta take.

Mataki na huɗu, labari daga waje zuwa ciki

Da hannu ya riƙe, integirin da yawa sai su taru waje ɗaya, su tara jama'a a wutsiyoyinsu. Sunayen da nake so ku riƙe kaɗan ne, talin, binkulin, faksilin, FAK da Src. FAK yana saka wa kansa fosfet a tairosin ta 397, wannan ya buɗe wa Src wajen zama, daga nan saƙo ya rabu, wani ya bi ta ERK yace sel ta rabu ta hayayyafa, wani ya bi ta PI3K da Akt yace ki rayu, wani ya bi ta su Rho da Rac yace gyara igiyoyin aktin ki baje ko kiyi tafiya.

Wanda ya taɓa kafa tanti a sahara wajen Jidda ko ya ga yadda ake kafa shi zai gane saura. Turke a ƙasa, igiya a jiki, ka ja. In yashi ne mai laushi turken zai biyo ka, igiya bazata taɓa yin tauri ba. In ƙasa ce mai ƙarfi igiya zata miƙe tayi ƙarfi. Sel ma jan igiyar take yi da mayosin, furotin mai jan aktin, in shimfiɗar mai tauri ce sai talin ya miƙe saboda jan, wuraren da suke a naɗe a jikinsa su bayyana, binkulin ya zo ya kama ya ƙara igiya. Ta haka sel ke sanin ko a kan abu mai laushi take ko mai tauri, ba ido ba kunne, kuma wallahi duk lokacin da na tsaya nayi tunanin wannan sai nayi tasbihi.

Sel ɗin fata ko ta hanji in ta rasa riƙo gaba ɗaya sai ta kashe kanta, an raɗa wa wannan suna anoikis a 1994, kalmar Girkanci ce mai nufin rashin gida. Sel ɗin kansa tana koyon tsallake wannan dokar, shi yasa take iya barin wajenta ta bi jini ta je ta yi sheƙa a wani wajen.

Mataki na biyar, yanzu a ɗauko tebur

Kar ku haddace 24 a jere, ku raba su gida-gida bisa abunda suke kamawa. Masu son RGD su 8 ne, α5β1 na fibironektin, α8β1, αIIbβ3 na filatilet, sai αV da matansa biyar, β1, β3, β5, β6, β8. Masu kolajin 4, α1, α2, α10, α11, duk da β1. Masu laminin 4, α3β1, α6β1, α7β1, α6β4. Ragowar 8 yawanci na fararen ƙwayoyin jini ne, huɗu da β2 wato αL, αM, αX, αD, sai α4β1, α4β7, αEβ7, da α9β1 da ake jinginawa da su dan ɗan uwan α4 ne. Ku lissafa, 8 da 4 da 4 da 8. β1 ita kaɗai tana da abokai 12, in kuka manta abokin wata alfa a ɗakin imtihan ku fara zargin β1.

Mataki na shida, ku gwada da hannunku

Wanda Allah ya bashi dama ya shiga lab mai inkubeta, ko a nan Saudiyya ko in an koma gida, ya roƙi mai kula da wajen ya barshi yayi wannan gwajin ko sau ɗaya. Bashi da tsada in akwai sel-sel a ƙasa, irin masu manne wa faranti kamar faiburobilas.

Ranar farko shafe ne kawai. Ɗauko faranti mai ramuka 96, ka narka fibironektin a PBS, wato ruwan gishiri mai fosfet, ya zama maikirogiram 10 a kowace mililita, ka zuba maikirolita 50 zuwa 100 a rami, ka rufe ka sa a firij ya kwana a digiri 4. In kana sauri awa ɗaya a digiri 37 ma tana yi. Wani layin ka shafa kolajin. Wani layin kar ka shafa komai. Ka guji ramukan gefe dan sun fi saurin bushewa, ka cika su da ruwa kawai. Kowane sharaɗi a ramuka uku aƙalla, rami ɗaya ba hujja bane.

Washegari ka tsotse ruwan, ka wanke da PBS, ka zuba BSA, wato furotin albumin na jinin shanu, kashi 1 cikin 100 a duka ramukan har da wanda ba a shafa ba, ka bari minti 30 zuwa awa ɗaya. Amfanin sa ya rufe duk inda roba ta rage tsirara, dan sel na iya liƙewa da robar kai tsaye ka ɗauka integirin ne. Ramin da BSA kaɗai ke ciki shi ne shaidarka, in ka ga sel-sel sun cika shi toh gwajin ya lalace, kar ka yaudari kanka da sauran lambobin.

Sai ɗaga sel-sel. Nan mutane ke ɓata aiki. Tirifsin yanka furotin yake yi, in ka barshi ya daɗe zai aske abubuwan da kake son aunawa. Ka yi da EDTA in sel-sel ɗin za su tashi da ita, in dole sai tirifsin toh minti kaɗan, ka tsayar dashi, ka wanke sosai, ka barsu su huta kamar minti 20 zuwa 30 kafin ka zuba. Kuma ruwan da za ka zuba su a ciki kar ya zama da siram, wato ruwan jini, dan siram cike yake da fibironektin da bitironektin nasa, zai shafe maka duka ramukan ya rikita komai. Na taɓa ganin wata ɗaliba tayi mako biyu tana maimaitawa tana samun lamba ɗaya a kowane rami har ta fara kuka, ashe kwalbar da aka nuna mata mai siram ce, ba wanda ya gaya mata.

Ka ƙirga, ka raba sel-sel ɗin kashi biyar a ƙananan kwalabe. Na farko kar ka ƙara komai. Na biyu EDTA milimola 5. Na uku manganis milimola 1, amma ka kula, manganis da fosfet basa shiri, zai yi gari ya kwanta a ƙasa, dan haka ba a PBS ba, nemi ruwa mai HEPES. Na huɗu ɗan guntun feftaid GRGDSP. Na biyar GRGESP, wanda harafi ɗaya kawai aka canja, D ta koma E. Ka barsu minti 15, sannan ka zuba sel 20,000 zuwa 50,000 a kowane rami, ka kai inkubeta digiri 37, minti 30 zuwa 45. Kar ka wuce awa ɗaya, in ka daɗe sel-sel za su fara fitar da shimfiɗar kansu su manne ko'ina bambancin ya ɓace.

Kafin ka wanke ka leƙa a maikiroskof, kar ka tsallake wannan dan shi ne daɗin aikin. A kan fibironektin zaka ga sun fara bajewa suna miƙa gefuna kamar ƙwai a kasko, wannan bajewar ita ce labarin waje zuwa ciki da idonka. A ramin EDTA suna nan dunƙule kamar ƙwallo, in ka ɗan girgiza farantin sai su yi ta yawo.

Wanki shi ne wajen da hannu ke nuna kansa. Ka jingina bakin fifet da bangon rami, ka saki ruwa a hankali, sau biyu ko uku, kuma yadda kayi wa ramin farko haka zaka yi wa na ƙarshe, mutum ɗaya ya wanke duka. In ka harba ruwan tsakiya zaka ga fili a tsakiyar ramin kamar an share. Sai ka kafe su da farafomaldihaid kashi 4 na minti 15, da safar hannu kuma a inda ake zuƙe iska dan guba ce, ka rina da kiristal bayolet kashi 0.1 zuwa 0.5 kamar minti 15, ka ɗauraye da ruwa har ya daina fita da launi, ka bari ya bushe, ka narka launin da asetik asid kashi 10, ka karanta a na'ura wajen nanomita 570 zuwa 595. Ka cire lambar ramin BSA daga kowace lamba. In ba na'urar karatu, ɗauki hoto da waya ta bakin maikiroskof ka ƙirga da ido, fili uku a kowane rami, yana yi.

Abunda ya kamata ka gani, EDTA ta zubar da kamu kusan gaba ɗaya. Manganis ya ƙara shi, ko da yake in sel-sel ɗin dama masu kamu ne sosai ƙarin bazai fito ba sai ka rage fibironektin ɗin zuwa maikirogiram 1 ko 2. GRGDSP ya rage kamu a kan fibironektin dan ya riga ya cika hannuwan, GRGESP bai yi komai ba. A layin kolajin kuma RGD bazai yi wani tasiri sosai ba, dan masu kama kolajin wani jeri daban suke nema. In ka ga wannan da idonka tebur ɗin can bazai ƙara gudu daga kanka ba.

Mataki na bakwai, ku gane shi a jikin mutum

Wannan ne dalilin da yasa na zauna nake rubutu da daddare bayan aiki. Mu mutanen auren zumunci ne, a Maiurno haka, a Jazira haka, a unguwanninmu na Makka da Jidda haka, Larabawan da muke zaune dasu ma haka, kuma cututtukan integirin na gado irin waɗanda sai uwa da uba duka sun ɗauko ne suke fitowa, kowane ciki kashi ɗaya cikin huɗu. Ba cewa nake a daina ba, cewa nake ku da za ku zauna a asibiti idonku ya zama a buɗe. Gwajin kafin aure da Saudiyya ta wajabta tun 2004 yana duba sikila da talasimiya, baya duba waɗannan.

Yaro mai yawan haɓo, dasashi na jini, tabon jini a ƙarƙashin fata, ko aka yi masa kaciya jini yaƙi tsayawa, ko yarinya ta fara al'ada kamar za ta ƙare, ka auna filatilet ka samu adadinsu daidai, PT da APTT daidai, toh kar ka ce lafiya lau a tafi gida. Ka tuna cutar Glanzmann, wadda likitan yara ɗan Suwizalan Eduard Glanzmann ya bayyana a 1918. Filatilet ɗin suna nan amma αIIbβ3 babu ko baya aiki. A gwajin taruwar filatilet basa taruwa da ADP ko kolajin ko adirenalin, amma da ristosetin suna yi, kuma a fulo saitometiri CD41 da CD61, wato αIIb da β3, sun ragu ko babu. Cutar Bernard-Soulier, wata cutar filatilet ta gado, akasin haka ce, ristosetin ne ke gazawa kuma filatilet ɗin manya ne. Iyayen irin wannan yaron a gaya musu da Hausa ƙarara, ba asfirin ba ibufurofen, ba cire belu ba tsaga ba ƙaho wajen wanzami, kaciya da cire haƙori sai a asibiti da shiri.

Na biyu jariri ne. Mun saba cibiya ta faɗi wajen ranar suna ko cikin mako na biyu. In ta kai wata guda bata faɗi ba, gindinta yayi ja ya kumbura amma ba mugunya, ka auna jini ka ga nutirofil sun yi yawa ƙwarai, toh ga LAD nau'i na 1, cutar rashin mannewar fararen ƙwayoyin jini, β2 wato CD18 ce babu. Koma labarin kwale-kwale, sojojin, wato nutirofil, suna nan cike da kogi amma ba mai iya ɗaurewa a gaɓa, shi yasa suka yi yawa a jini kuma ba mugunya a ciwon, dan mugunya ai gawarsu ce. In yaro ya haɗa wannan da zubar jini irin ta Glanzmann toh ba integirin ɗin bane ya lalace, mai buɗe shi ne, kindilin-3, LAD nau'i na 3 kenan. Jariri mai fata na saluɓewa da ƙuraje masu ruwa tun haihuwa haɗe da toshewar mafitar tumbi, duba α6β4. Ko a sikila da ta addabe mu akwai hannun sa, jajayen ƙwayoyi 'yan shila suna ɗauke da α4β1 suna kama VCAM-1 a bangon jijiya, yana daga cikin abubuwan da ke taimaka wa toshewar nan mai ciwo.

Magunguna kuma in kun gane hannun sai su zo da sauƙi. Kububuwa, wadda wasu ke ce wa gobe da nisa, danginta suna nan a Sudan suna nan a Saudiyya, a dafin wata 'yar uwarta aka samu ƙaramin furotin mai suna ekistatin mai ɗauke da RGD, yana cika hannun filatilet ya hana ta kama fibirinojin, irin abunda GRGDSP yayi a farantinka. A kan wannan aka ƙera tirofiban, shi kuma eptifibatide daga dafin wani macijin Amurka, duka biyun an amince dasu a 1998, abciximab ya riga su a 1994, ana amfani dasu ga masu toshewar jijiyar zuciya. Natalizumab yana toshe α4 ya hana fararen ƙwayoyi shiga ƙwaƙwalwa a cutar MS mai lalata rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, ya fito a 2004, aka janye shi a 2005 saboda wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa mai suna PML, aka dawo dashi a 2006 da tsauraran sharuɗɗa. Vedolizumab na 2014 α4β7 kaɗai yake toshewa, wanda hanyar hanji yake bi, shi yasa ake bada shi ga masu kumburin hanji.

Abu na ƙarshe ga 'yan lab, in likita ya turo jinin yaron da ake zargin Glanzmann, a kwalba mai shuɗin murfi ta sitiret za a ɗiba, a cika ta daidai layi, a juya a hankali ba girgiza ba, kar a sa a firij dan sanyi yana taɓa filatilet, kar kuma a bari a mota cikin zafin Jidda, a yi gwajin cikin awa 4, a ɗibi na mutum mai lafiya a lokaci ɗaya a gwada su tare. Kuma a tambayi uwar ko an bashi wani maganin zazzaɓi ko na ciwo a kwana 10 da suka wuce, dan asfirin ɗaya ya isa ya rikita sakamakon.